Ta ina zan fara model na gurɓatar ruwan ƙarƙashin ƙasa da manhajar kyauta?

Wani ɗalibin mastas a fannin ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya turo tambaya: "Malam, furojek ɗina akan ruwan masai ne da yake sulalewa zuwa rijiyoyin unguwa, naitiret da amoniyam. Sufabaiza yace sai nayi model da zai nuna tafiyar ruwan da kuma canjin da sinadaran ke yi a hanya. Bani da kuɗin lasisin GMS ko Visual MODFLOW. Naga sunaye barkatai, PHREEQC, PHT3D, PFLOTRAN, OpenGeoSys, kaina ya ɗaure. Wanne zan sauke? Kuma laftof ɗina ba mai ƙarfi bace."

To ƙanena, ka sauke PHREEQC, manhajar lissafin kemistirin ruwa, yau ɗin nan, sauran kuma ka ƙyale su tukuna ko da na wata biyu ne. Maganar kuɗi kuwa ka cire ta daga ranka, don GMS da Visual MODFLOW ɗin da kake jin tsadarsu, injin da ke yin lissafin a cikinsu MODFLOW ne mai lissafin tafiyar ruwa da su MT3DMS mai lissafin tafiyar gurɓata, kuma waɗannan kyauta suke, abin da kake biya shine tagogi da maɓallan da aka lulluɓe su da shi. Laftof ɗinka ma ta isa, PHREEQC ko tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa ba tare da ta yi nishi ba.

Dalilin da yasa nace PHREEQC shine aikin nan naka abu biyu ne aka haɗe. Akwai tafiyar ruwa, wato ina ya dosa kuma da wane sauri, akwai kuma kemistiri, wato me ke faruwa da abin da ruwan ya ɗauko idan ya haɗu da ƙasa da iska da ƙwayoyin bakteriya. Yawancin ɗaliban jiyoloji suna da ɗan hannu a na farko, na biyun ne ke kada su, kuma in ka haɗa su tun farko a model mai fuska uku sannan sakamako ya fito a karkace, wallahi ba zaka gane ko daga ruwan bane ko daga kemistirin ko daga girman ɗakunan girid ɗinka, wato ƙananan ɗakunan da ake yanka wurin a cikin model, haka zaka yi ta canja lambobi a makance har lokacin difens ya zo. PHREEQC yana baka damar ka raba su, ka fara da kofi ɗaya na ruwa wanda baya tafiya ko'ina.

Manhajar ta hukumar binciken ƙasa ta Amurka ce, USGS, David Parkhurst ne ya fitar da ita a 1995, daga baya shi da Tony Appelo na ƙasar Holan suka fitar da ta biyu a 1999 da ta uku a 2013, kuma ita ta ukun zaka ɗauka. In kana kan Windows akwai PHREEQC Interactive mai tagogi, akwai kuma Notepad++ da Appelo ya gyara musamman don rubuta fayil ɗin PHREEQC. Ni na fi son ka saba da rubuta fayil ɗin da hannunka, don duk manhajar da zaka koma gaba, rubutun nan ne zai bi ka. Littafin jagorar yana da misalai 22 kuma suna zuwa tare da manhajar. Ba sai ka bi duka ba. Kayi na 1, ka ga yadda ake shigar da ruwan teku, kayi na 2, sannan ka tsallaka zuwa na 11 ka zauna a kansa sosai, zan dawo kansa.

Abu na farko da zaka yi da bayananka shine ka ɗauki sakamakon lab na rijiya ɗaya ka rubuta shi a ƙarƙashin SOLUTION, wato sashen fayil ɗin da ake bayyana abin da ke cikin ruwa. Nan ne mutane ke faɗawa rami tun kafin a je ko'ina, don haka ka natsu. In baka faɗa masa ma'auni ba, PHREEQC zai ɗauka milimol ne a kowane kilo na ruwa, alhali lab ɗinka miligiram a lita suka baka, sai ka rubuta units mg/L. In baka bashi pH ba zai sa 7, zafi zai sa 25, pe, wato ma'aunin ridoks (musayar elekturon tsakanin sinadarai), zai sa 4, kuma ba zai yi maka ko tari ba, zai yi lissafinsa ya baka amsa mai kyan gani. Sannan naitiret: in ka rubuta N(5) 50 kawai da databes ɗin phreeqc.dat, wato fayil ɗin bayanan sinadarai da manhajar ke lissafi da shi, zai ɗauka miligiram 50 na naitirojin zalla kake nufi, wanda ya ninka abin da kake nufi sau 4.43 in lab ɗin a matsayin NO3 suka auna, dole ka ƙara as NO3 a gaba. Wannan ba ƙaramin abu bane a aikinka, don iyakar da hukumar lafiya ta duniya ta sa wa ruwan sha miligiram 50 ne a lita a matsayin NO3, wanda yayi daidai da wajen 11 a matsayin naitirojin, kaga in ka rikita su rijiya mai lafiya zata koma guba a takarda ko mai guba ta koma lafiyayya. Alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na kashe asid, ma haka, in baka ce komai ba a matsayin CaCO3 zai karanta, in kuwa bayikabonet aka baka sai ka rubuta as HCO3, in ba haka ba ka ƙara kusan kashi 22 cikin ɗari ba tare da ka sani ba. Ka koma lab ɗin ka tambaye su baki da baki a wane ma'auni suka rubuta kowane abu, kar ka yi zato.

Da ka danna ya gudu, ka nemi layin da ke nuna kuskuren daidaiton caji, wato bambancin masu caji mai alamar + irin su kalsiyam da sodiyam da masu kishiyarsa irin su kulorayid da salfet da bayikabonet. In ya wuce kashi 5 cikin ɗari, samfurin nan akwai magana, ko an manta da wani babban sinadari ko awon ya samu matsala. Akwai dabarar sa kalmar charge a gaban kulorayid don manhajar ta cike giɓin da kanta, dan Allah kar ka yi haka a aikin masai, kulorayid shine babban shaidarka kamar yadda zaka gani.

Bari in tsaya kan ɗibar samfur, don gaskiya nan ne nafi jin ciwo in naga aikin ɗalibai. Ana ɗibo ruwa a gorar roba a bar shi cikin but ɗin mota a rana, sai bayan kwana biyu a kai lab a auna pH. Wannan pH ɗin ba na rijiyar bane. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da iskar CO2 fiye da ta sarari, da ka fito da shi zata fara fita, pH ya hau, ƙarfe ya haɗu da oksijin ya kwanta ja a gindin gora, amoniyam kuma bakteriya su fara juya shi. Saboda haka pH da zafi da EC (yadda ruwan ke wuce lantarki) da oksijin da ke cikin ruwa da alkaliniti a bakin rijiya ake auna su, nan take. Sauran ka tace da matatar 0.45 maikuron, gorar su kalsiyam da ƙarfe ka ɗiga mata asid ɗin naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2, gorar naitiret kuma daban ba asid ɗin naitirik a ciki, don in ka sa ai ka zuba naitiret da hannunka kenan, ka sa ta a kula da ƙanƙara. In bohol ne ka bari ya zuba har awon EC da pH su tsaya cik kafin ka ɗiba. Kuma ka samo ƙasar wurin ita ma, ko daga inda ake haƙa sabuwar rijiya ne, a auna maka CEC, wato ƙarfin ƙasa na riƙe sinadarai masu caji irin su amoniyam, da yawan kabon na ruɓaɓɓun abubuwa, don amoniyam da naitiret da ƙasa suke mu'amala, in ruwa kaɗai ka auna rabin labarin ka riƙe.

Yanzu misali na 11. Bututu ne aka cika da ƙasa mai ruwan sodiyam da fotasiyam da naitiret, aka raba shi ɗaki 40, sannan aka riƙa tura ruwan kalsiyam kulorayid ta baki ɗaya ana auna abin da ke fita ta ɗaya bakin. Yadda TRANSPORT, sashen da ke tura ruwa a PHREEQC, ke aiki kamar ka jera bokitai ne a layi, kowanne da ƙasa a gindinsa, duk taki ɗaya sai ka juye ruwan kowane bokiti a na gabansa, ka ɗan gauraya da maƙwabta, sannan ka bar ruwan da ƙasar su daidaita kafin ka sake juyewa. In ka zana sakamakon zaka ga kulorayid ya iso daidai lokacin da ruwan ya ratsa bututun sau ɗaya, don shi ƙasa bata riƙe shi, sodiyam ya daɗe yana fita, sai fotasiyam ya yi tsalle sama ya wuce yadda yake tun farko, kalsiyam kuma sai can daga baya ya bayyana. Ka zauna da wannan zanen har sai ka iya bayyana wa abokinka dalilin tsallen fotasiyam ba tare da ka duba littafi ba. Ranar da ka iya, ka fahimci rabin furojek ɗinka, don amoniyam kusan halin fotasiyam gare shi, yumɓu yana kama shi, shi yasa yake baro masai a makare, kulorayid da naitiret su riga shi isa rijiya da nisa.

Daga nan sai ka mayar da misalin naka. A ce tsakanin masai da rijiya mita 30 ne, ƙasar tana wuce ruwa mita 5 a rana, gangaren ruwan 0.002, ramukan da ruwa ke bi kashi 25 cikin ɗari, lambobin misali ne kawai, naka zaka sa. Saurin ruwan zai zama 5 sau 0.002 a raba da 0.25, wato mita 0.04 a rana, tafiyar mita 30 kwana 750 kenan. In ka yi ɗaki 30 kowanne mita 1, takin lokacinka dole ya zama kwana 25, sakan 2,160,000, don a PHREEQC ba a rubuta saurin ruwa kai tsaye, tsawon ɗaki da takin lokaci ne ke bada shi. Mutane da yawa basu lura da wannan ba sai su sa lokacin da suka ga dama.

Ga wani tarko da zai same ka tabbas tunda naitiret da amoniyam ne aikinka. A cikin SOLUTION manhajar tana barinsu su zauna tare yadda ka rubuta, amma da zarar an shiga matakin riyakshan ko TRANSPORT sai ta daidaita duk wani abu na ridoks gaba ɗaya, kawai sai kaga amoniyam da naitiret sun cinye juna sun zama iskar naitirojin a taki ɗaya, ko oksijin ya ƙone amoniyam ɗin nan take. A ƙasa ba haka abin yake ba, bakteriya ne ke yi kuma a hankali. Maganinsa databes ɗin Amm.dat da ke zuwa tare da manhajar, a ciki an raba amoniyam daga sauran naitirojin an kira shi Amm, sai kai kuma ka rubuta saurin juyawar da kanka a RATES da KINETICS. Yaren Basic ake rubutawa da shi, layi kaɗan ne, misali na 9 da na 15 zasu nuna maka salon. Sauran databes ɗin ka san amfaninsu kawai: wateq4f.dat da minteq.v4.dat sun fi yawan ƙarafa masu guba, pitzer.dat na ruwa mai gishiri sosai ne wanda ya wuce na teku. Kar ka ɗebo lamba daga wannan ka liƙa a wancan.

Shi naitiret baya raguwa sai oksijin ya ƙare kuma akwai abin da bakteriya zasu ci, ko kabon na ruɓaɓɓun abubuwa ko ma'adinin fairait, in kabon ne zaka ga bayikabonet ya ƙaru, in fairait ne salfet zai ƙaru. To ta yaya zaka san raguwar da kake gani a rijiyoyi riyakshan ne ba gaurayuwa da ruwa mai tsabta ba? Nan kulorayid ke shigowa. Fitsari da bayan gida suna ɗauke da shi da yawa kuma baya shiga riyakshan, in naitiret da kulorayid suna raguwa tare daidai wa daida to tsarma ce kawai, in naitiret ya fi saurin faɗuwa to akwai mai cin sa. Wannan lissafin ko a Excel zaka yi shi, kuma ina so ka yi shi kafin ka rubuta layin KINETICS ko ɗaya.

Sai ka gama wannan sannan ka waiwayi MODFLOW. Shi ma na USGS ne, tun 1984 McDonald da Harbaugh suka fitar da shi, MODFLOW 6 kuma ya fito a 2017. Hanya biyu ce: ModelMuse in kana son zane da linzami, ko FloPy in zaka iya Python, kuma ina baka shawarar FloPy ko da zaka sha wuya sati biyun farko, don in sufabaiza yace canja kaza, layi ɗaya zaka gyara ka sake gudu, kuma yana da ɗan umarni get-modflow da ke sauke maka injinan gaba ɗaya. Ka gina model na ruwa zalla, ka daidaita shi da zurfin ruwan da ka auna a rijiyoyi rani da damina, kuma ka tabbata an auna tsayin bakin kowace rijiya da kyau, don GPS na waya yana iya kuskuren mitoci a tsayi alhali duk bambancin ruwan unguwar bai fi rabin mita ba, sai kaga ruwa na hawa tudu. Bayan nan ka tura kulorayid kaɗai da MT3D-USGS ko sashen GWT na MODFLOW 6, ka gwada da lissafin Ogata da Banks na 1961 a layi ɗaya kaga ko sun yi daidai. Ka kula da lambobi biyu: tsawon ɗaki in an raba da dispasibiti (tsawon da ke nuna yadda gurɓata ke bazuwa a hanya) kar ya wuce 2, kuma ruwa kar ya tsallake fiye da ɗaki ɗaya a taki ɗaya. In ka karya su manhajar zata baje gurɓatar da kanta ko ta baka adadi ƙasa da sifili, kuma kemistiri baya jure wannan.

Wani lokacin ma a nan aikin ke ƙarewa. MT3D-USGS da GWT suna iya riƙewar ƙasa mai sauƙi da ruɓewa mai sauƙi, in tambayarka kawai yaushe naitiret zai kai rijiya kuma nawa zai rage, wataƙila sun ishe ka, ka haɗa da model ɗin layi ɗaya na PHREEQC a matsayin hujjar lambobin da ka sa. Wannan mastas ne mai kyau, ba abin kunya a ciki.

In kuma lallai sai an haɗa su, biyu ne a gabanka. PHAST na USGS ne, ya haɗa PHREEQC da injin ruwa na HST3D, fayil ɗin kemistirin da ka riga ka rubuta kusan haka zaka ɗauke shi ka saka, kuma ModelMuse yana gina shi. Da shi aka yi model na fosfaras a gurɓataccen ruwan bahaya na Cape Cod a jihar Masacusets, wurin da USGS suka shafe shekaru suna bincike, ka nemi wannan aikin don ɗan'uwan naka ne. PHT3D kuma na Henning Prommer ne, ya haɗa MT3DMS da PHREEQC na biyu, shi yafi dacewa in ka riga ka gina ruwanka a MODFLOW-2005. Dukkansu salon bokitan nan suke bi, a tura ruwa sannan a yi kemistiri, shi yasa takin lokaci in yayi girma suke kuskure, ka rage shi rabi ka sake gudu, in amsa ta canja sosai to baka kai ba tukuna.

Amma ka san iyakar PHAST da PHT3D: na ƙasar da ta jiƙe sharkaf ne, ƙarƙashin matakin ruwa. Shi kuwa amoniyam yawancin juyewarsa zuwa naitiret a tsakanin gindin masai da saman ruwa yake faruwa inda akwai iska. In wannan yankin ne zuciyar tambayarka, HP1 zaka nema, wanda ya haɗa HYDRUS-1D da PHREEQC. In kuma ba shi bane, ka auna ruwan rijiya mafi kusa da masai ka ɗauke shi a matsayin mafarin gurɓatar, ka rubuta a fili cewa haka ka yi. Sannan in unguwar taka kan dutsen gindi take irin na Kano ko Zariya, ruwan yana cikin ruɓaɓɓen dutse na sama da tsagogin da ke ƙasansa ne, ba yashi shimfiɗaɗɗe irin na kwarin Sakkwato ko na Chadi ba. Ruɓaɓɓen saman zaka iya ɗaukarsa kamar yashi, tsagogin kuwa ruwa na gudu a cikinsu fiye da lissafin da muka yi a sama nesa ba kusa ba, ka duba misali na 13 da zaɓin stagnant kaga yadda ake raba ruwa mai tafiya da wanda ya maƙale.

PFLOTRAN da OpenGeoSys da CrunchFlow manya ne kuma ina girmama su. PFLOTRAN su Peter Lichtner da Glenn Hammond suka gina shi don manyan kwamfutoci masu dubban kawuna, ana aikin sharar nukiliya da adana CO2 da shi, yana iya ƙasa jiƙaƙƙiya da busasshiya duka, amma kafin ka ga amsar farko sai ka shiga Linux ko WSL ka harhaɗa PETSc, injin lissafin da yake dogara da shi, da kanka sannan ka koyi ParaView don ganin sakamako. OpenGeoSys na cibiyar UFZ ne a Laifzig ta Jamus, kuma shi ma in aka zo kemistiri yana iya kiran PHREEQC ne ta IPhreeqc. Kaga duk inda ka juya wahalar da ka sha a PHREEQC bata faɗi ƙasa ba. In Allah ya kai ka digiri na uku sai ka shige su.

Littafi ɗaya zan ce ka nema ko aro ne, Geochemistry, Groundwater and Pollution na Appelo da Postma, bugu na biyu na 2005, don misalansa da PHREEQC aka yi su, babin musayar caji da na ridoks su ne naka. In ka shigar da rijiyarka ta farko, ka turo min fayil ɗin da takardar lab ɗin yadda suka baka ita, da zurfin rijiyar da nisanta da masai mafi kusa, mu duba daidaiton cajin tare kafin ka wuce zuwa TRANSPORT.